Hoton Sale da Ɗorawar Ubana

Ni da Sale kakanmu ɗaya, kuma gona ɗaya aka raba wa iyayenmu a gefen Ba'awa, tasa ta gabas, tawa ta yamma. Komai girman gona akwai kunyar ƙarshe, kuma tawa kowa ya san inda take a da: kunya huɗu gaba da ɗorawar da ubana ya bar mini, inda aka dasa gamba a jere. Ɗorawar nan ita ke ba gidana daddawar shekara, a reshenta kuma nake rataye amyata ta zuma.

Sale ba ya sata da gaggawa. Duk shekara idan ruwa ya zauna ya fito huɗa da shanunsa, sai ya karkata garma ya haɗiye kunya ɗaya daga tawa, ya tumɓuke gambar ya sake dasa ta a sabon wuri, ya taka da ƙafa. Kafin kwana uku ta kama, kamar can aka haife ta. Shekara uku, kunya uku. Saura ɗaya garmarsa ta lashi gindin ɗorawa, daga nan kuma sai ya ce itacen nasa ne.

Na kai ƙara wurin dagaci har sau biyu. Ya zo da kansa ya duba, ya ga gamba a jere, ya ga Sale yana ta sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Dattawan da suka ga rabon farko duk sun riga mu gidan gaskiya. Dagaci ya ce da ni, "Malam Sulaimanu, ni ba na yanke hukunci da zafin ranka. Kawo mini abin da ido zai gani."

To, gani ya kori ji. Daga nan maganar hoto ta taso.

Ɗana Mujitaba ya aro wata ƙatuwar kyamara a wurin abokinsa Aminu, mai ɗaukar hoton biki a Tudun Wada. Baƙa ce wuluk, da igiyar ratayawa a wuya, da wani dogon baki da ake murɗa mata a gaba kamar taɓarya. Ranar da ya kawo ta, ƙanwarsa Fa'iza tana gida, ta zo gaishe mu daga Kiru inda take koyarwa a firamare. Ita ma tana da tata, 'yar ƙarama kamar sabulun wanka, wadda take ɗaukar hoton ɗalibai da taron suna.

Aka ajiye su biyun a kan tabarma a gabana, cikin zaure.

"Baba, wannan daga gindin mangwaron maƙwabcinmu Hamma zan tsaya," in ji Mujitaba yana shafa babbar. "Taku ɗari da wani abu. Amma sai ka ƙirga haƙoran Kawu Sale ɗaya bayan ɗaya."

"Haƙora aka ce a kawo ko iyaka?" in ji Fa'iza.

"Ke, ana maganar maza."

"Yaya, ni na ga hotunan da Aminu yake yi da ita. Amarya tana fitowa tas, har kwallin idonta, amma abin da ke bayanta kamar an dama kunu. Ko bango ne ko mutane ne ba ka ganewa. Tawa kuwa ba ta da wannan iyayin. Abin da ke gaba da abin da ke baya duk tana kwasowa, ko da ba su yi kyau ba."

"Ai kyan ke nan, jahila! Don haka ake tsadarta. Aminu ya saita ta da hannunsa, ya ce kada in taɓa komai sai wannan maɓalli."

"Ya saita ta don amare."

"To taki fa? Sai na je har gaban hancinsa kafin ta gan shi. In ce masa, Kawu tsaya in ɗauke ka kana sata?"

"Akwai suri kusa da ɗorawar. Taku ashirin ne. Ka kwanta a bayansa."

"In kwanta a kan gara saboda abin wasan yara? Ga karensa, ga adda a hannunsa. Ke ki je ki kwanta mana."

Suka juyo suna kallona. Na ɗauki ƙaramar, ba ta kai nauyin goro biyar ba. Na ɗauki babbar, sai da na sa hannu biyu. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take: ba iyaka nake tunani ba a lokacin. Ina tunanin yadda labari zai zaga gari cewa Sulaimanu ya kawo injin birni ya kama Sale daga nesa kamar yadda maharbi ke kama gada. Ina son ya ji nauyin abin a ƙirjinsa.

Na ce, "Ba a farautar kura da danƙo. Babbar za a kai."

Fa'iza ta ce, "Baba, to ya sa tawa a aljihu mana, ai ba ta da nauyi. In waccan ta ƙi..."

Na daka mata tsawa. "Ke! Na yanke magana kina ƙara mata jela? Karatun naki ke nan, ki koya wa ubanki farauta? Ɗauke sabulunki ki shiga ciki wurin uwarki."

Ta ɗauka ta shige.

Ranar Talata aka yi ruwa mai nauyi. Laraba da hantsi Mujitaba ya dawo da gudu, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa, yana haki yana dariya.

"Baba, mun kama shi! Da idona na ga ya cire gambar. Ya bi ta gindin ɗorawa da garma, har saiwa ya yanka."

Ya nuna mini a ɗan gilashin bayan kyamarar. Ga Sale kuwa. Ga hularsa mai maiƙo, ga tabon da jaki ya yi masa a haɓa tun muna yara, ga gumi yana gangarowa ta gefen kunnensa. Na ƙura wa fuskar nan ido har zuciyata ta yi sanyi. Na ce, "Rana dubu ta ɓarawo." Mujitaba ya ƙarasa, "Rana ɗaya ta mai kaya." Ni da shi babu wanda ya dubi wani wuri a hoton in ba fuskar ba. Na sa aka kai Tudun Wada aka wanke manya guda uku, kowanne ya kai faifai.

Ranar Asabar aka taru a ƙofar gidan dagaci. Mutane sun cika wurin, don labari ya riga ya zaga kamar yadda na so. Mujitaba ya rataya kyamarar a wuya ya tsaya a bayana, ko da yake babu abin da za a ɗauka. Sale ya zo a makare, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya Sulaimanu, an tashi lafiya? An ce ka zama Bature."

Na ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne, Sale. Yau za ka ga ƙarshen naka."

Na miƙa wa dagaci hotunan da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya duba na farko, ya duba na biyu. Ya juya na uku sama da ƙasa.

"Wannan Sale ne, babu shakka," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, shi ne."

"Ga shanunsa, ga garma. To, Malam Sulaimanu, ina ɗorawar?"

"Tana bayansa, ranka ya daɗe."

"Zo ka nuna mini."

Na matsa na duba. A bayan Sale babu komai sai wani kore-kore da duhu-duhu da suka narke cikin juna. Inda ɗorawa ya kamata ta tsaya, wani baƙin dishi-dishi ne kamar hayaƙi. Babu reshe, babu amya. Gambar da ke gabansa ma ta zama wani hazo a ƙasan takardar. Sale kaɗai ne a duniyar nan, shi da garmarsa da kawunan shanunsa.

Na sa yatsa a kan duhun na ce, "Ga ta nan."

Sale ya miƙo hannu. "Allah ya ja zamaninka, a ba ni in ga laifina."

Aka ba shi. Ya riƙe hoton nesa da fuskarsa, ya karkata kai, ya yi murmushi.

"Kai! Ashe haka nake da kyau? Yaya, Allah ya saka da alheri. Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini irin wannan ba." Ya ɗaga wa jama'a. "Jama'a ku duba, mutum yana noman gonarsa. Ko noma ya zama laifi? Wannan duhun, in ma itace ne, ɗorawa nawa ce a ƙasar nan? A tsakiyar gonata ma akwai biyu."

Aka fashe da dariya, har da waɗanda na ɗauka nawa ne.

Mujitaba ya yi tsalle ya shigo tsakiya. "Ƙarya kake yi! Da idona na gan ka!"

"Kai yaro, ni kake ce wa maƙaryaci? Ni da na yanka ragon sunanka tare da ubanka?" Sale ya dubi dagaci. "Ranka ya daɗe, ɗa zai yi wa ubansa shaida a kaina? In haka ne bari in kira nawa, su bakwai ne."

Na miƙe tsaye. "Sale, ka ji tsoron Allah. Ƙasar da kake ci za ta ci ka."

"Za ta ci mu duka, Yaya. Amma kafin nan, kawo shaida."

Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce shi zuciyarsa tana gaya masa wani abu, amma ba a ba shi rawani don ya yi hukunci da zuciya ba. Ya ce abin da ya wuce babu mai iya tabbatar da shi. Iyaka za ta tsaya inda take a yau, wato daidai gindin ɗorawa, a kafa duwatsu a gaban shaidu. Itacen kuma tunda yana kan iyaka, 'ya'yansa a raba biyu duk shekara, rabi gidana, rabi gidan Sale.

Kunya huɗu da rabin ɗorawar ubana. Haka aka tashi.

Da za a watse, Sale ya naɗe hoto ɗaya ya sa a hammata. Na ce, "Ajiye mini kayana." Ya ce, "Haba Yaya, fuskata ce fa. Ko ita ma za ka ce a gonarka take?" Ya tafi da shi. Har yau yana rataye a zaurensa, ya sa an yi masa gilashi. Duk baƙon da ya shiga sai ya nuna masa ya ce kyautar ɗan'uwansa ce.

A hanyar gida Mujitaba yana ta zagin Aminu. Na ce masa, "Rufe mini baki. Aminu amare yake ɗauka, kuma amarya ya fitar mana. Wanda ya zaɓa shi ne mai laifi." Ya mayar da kyamarar a ranar, ban sake bari ta shigo gidana ba.

Ranar da za a kafa duwatsun na aika Kiru aka kira Fa'iza. Ta zo ta durƙusa a zaure ta gaishe ni. Ban san yadda uba ke ba 'yarsa haƙuri ba, ba a koya mini ba. Na ce mata kawai, "Kin zo da sabulun naki?"

"Yana jaka, Baba."

"Nuna mini inda ake dannawa."

Ta nuna mini. Wuri ɗaya ne tak. Muka tafi gona tare, ta tsaya a gefe da mayafinta, ni kuma na tsaya taku ashirin daga ɗorawa, a fili, ba a bayan suri ba. Na ɗauki hoton kowane dutse tare da gindin itacen, da amya, da surin, da mangwaron Hamma can nesa, da dagaci da shaidu. Da aka wanke, hotunan ba su da wani kyau, kowa ya fito ƙarami kamar ƙwaro, amma babu abin da ya ɓace a cikinsu.

Sale yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Yaya, yau kuma ƙaramar aka koma? Babbar ta gaji?"

Na juya ta kansa na danna, shi da dutsen da ke kusa da ƙafarsa.

Fa'iza ta bar mini ita. Yanzu duk ranar da ruwa ya zauna, kafin Sale ya ɗaura wa shanunsa karkiya ina zaune a kan dutsen tsakiya da ita a aljihun rigata. Ba ya gaishe ni, ba na gaishe shi. Yana zuwa kunyar ƙarshe sai in fito da ita, shi kuma ya ja igiya ya juya shanun. Bana da ɗorawa ta nuna aka zube 'ya'yan a ƙasa aka raba biyu, matarsa da tawa suna tsaye kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya.