Injin da Ya Ƙi Mutuwa a Mashigin Babban Duhu

Motar Gagare ta girmi ɗansa na fari, kowa a tashar Runka ya san haka. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas, wadda in ta zo hawan gangaren rafin Babban Duhu sai fasinja sun sauka sun tura. A da abin dariya ne. Amma tun da mutanen daji suka fara tare mashigin nan a kan babura, dariya ta ƙare, domin wanda motarsa ta yi nishi a wannan hawa, sai dai danginsa su ji labari.

Shi ya sa ya kai ta garejin Malam Muntaka a Batsari. Tsohon bakaniken ya saurari injin kamar mai duba maras lafiya, ya girgiza kai.

"Gagare, injin nan ya gaji. A sauke shi, a ɗora na Beljiyam. Ka ba ni sati uku."

"Sati uku, Malam? Kafin nan ai an tashi garinmu!"

Sammani, mai garejin da ke kallon na Muntaka, yana jin su. Ya ce shi kwana biyu sun ishe shi ya ɗaura mata turbo, wata na'ura mai kamar dodon koɗi da ke ɗura wa inji iska, tsohuwa ta koma budurwa. Gagare bai yi shawara da kowa ba, ya tsallaka titi. Muntaka bai yi fushi ba, sai dai ya bi shi da magana ɗaya.

"Tunda ka ƙi ji, to riƙe wannan. In ta yi zafi, kada ka kashe ta nan take. Ka bar ta ta huce tana aiki, in ba haka ba baƙin mai zai ƙone a cikin abin."

Kai, mota ta tashi! Hawan da ake turawa, yanzu da fito take haye shi. Sai dai akwai abin da Muntaka, mazaunin cikin gari, bai lissafa ba. Direbobin hanyar nan suna da ƙa'ida: kafin ka gangara mashigi, ka tsaya gindin tsamiya, ka kashe inji, kowa ya yi tsit, a saurari ƙarar babura. Wa zai yarda ka bar inji yana gurnani a wurin? Ranar farko da Gagare ya gwada, wani dattijo ya ce masa, "Kashe mu za ka yi?" Sai ya murɗa makulli. Haka ya riƙa yi kullum, safe da yamma, har wata biyu, yana ce wa kansa ai ba abin da ya faru.

Ranar da ya yanke shawarar kwashe iyalinsa zuwa Safana, dawa ta yi kai, ta fi mutum tsawo. Matarsa Laraba da yara da maƙwabta suna baya a kan buhuna. A gaba ya zaunar da mahaifiyarsa, Inna Kulu, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta shekara uku ke nan. Saboda ita ya yi duk wannan gaggawa. Kowa a motar nan yana iya gudu, ban da ita.

Bayan azahar suka iso tsamiya. Ya taka birki, ya murɗa makulli.

Injin bai mutu ba.

Ya zare makullin gaba ɗaya, ga shi a hannunsa, amma ƙara sai ƙaruwa take. Turbon ya fashe daga ciki, injin yana zuƙar baƙin mansa yana ci da kansa. Ihun da ya shiga yi, wallahi Gagare bai taɓa jin ƙarfe ya yi irinsa ba. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga bututun salansar motar, ya wuce kan tsamiya, ya miƙe sama inda duk mai ido a dajin nan zai gan shi.

"Innalillahi! Kashe ta! Kashe ta!" mutanen baya suke ihu.

Ya danna giya don ya shaƙe ta, kuloci ya yi ƙauri ya saki. Tsoro ya kama shi. Ya faɗo waje, ya ɗaga bonet, ya tuɓe rigarsa ya dunƙule, ya cusa a bututun da injin ke shaƙar iska. Injin ya haɗiye rabin rigar, ya yi tari, ya yi jijjiga, sannan ya mutu mutuwar da ba tashi.

Shiru ya sauka. A cikin shirun nan kowa ya ji abin da ake tsayawa don a saurara. Babura ne, daga yamma, kuma ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Ba wanda ya jira umarni. Laraba ta suri ƙaramin, ta ja babban, suka faɗa cikin dawa tare da sauran. Gagare ya buɗe ƙofar gaba. Inna Kulu tana zaune yadda ya ajiye ta, carbinta a hannu.

"Bi 'ya'yanka," ta ce. "Ni me za su yi da ni?"

"Inna, hau."

"Gagare, ba ka jin magana tun kana yaro. Na ce ka tafi."

Ya juya mata baya ya durƙusa, ya jawo hannayenta bisa kafaɗunsa, ya miƙe. Ba ta da nauyi, amma ƙasar gonar ta jiƙe, kowane taku sai ƙafarsa ta nutse. Karan dawa yana yankar ƙirjinsa tsirara. A bayansu ƙarar baburan ta iso tsamiya, ta tsaya, ya ji muryoyi suna tambayar ina direban.

Inna Kulu ta kawo bakinta dab da kunnensa.

"Kada ka yi gudu, kara zai motsa su gani," ta raɗa masa. "A hankali, ɗana. Yau dai ka tafi a hankali."