Mun Ƙulla, In Ji Baƙo

"Ba zan faɗa ba, ranka ya daɗe."

Babban Sakataren ma'aikatar harkokin waje ya zare tabarau, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ɗauka ba ta gane ba ne, don haka ya sake warware mata maganar a hankali. Gobe kwamitin majalisa zai kira ta, domin ita ce tafintar da ta zauna tsakanin Minista da jakadan baƙi ranar da aka yi zancen ba su tashar jiragen ruwa. Tambaya ɗaya za a yi mata. In ta ce tattaunawa aka yi, magana ta mutu, don tattaunawa da baƙi hurumin gwamnati ne. In kuwa ta ce ƙulla magana aka yi, to Minista ya taka doka, tunda ba a ɗaura wa ƙasa alkawari sai majalisa ta sa hannu. Abin da ake so daga gare ta bai wuce kalma ɗaya ba.

Ta ce ai kalmar ce matsalar. Baƙon ya miƙe tsaye, ya miƙo hannu, ya faɗi abin da ya faɗa, ita kuma ta juya shi da "mun ƙulla". Minista ya ce madalla, suka gaisa, baƙon ya ce a kawo alƙalami, har aka tafa.

Sakatare bai ɗaga murya ba. Ya mai da tabaransa, ya tambaye ta ko ta san sunanta ne a gaba cikin waɗanda ake tunanin turawa ofishin jakadanci a ƙasar baƙin. Ta ce ta sani. Ya ce to madalla, ta je ta sake shawara.

Ƙamus ake kiranta a ma'aikatar, wasu don yabo, wasu don su rage zafi. Ita dai ta karɓi sunan da hannu biyu. Tun tana jami'a babu wanda ya sha gabanta a harshen baƙin nan, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ta san haka ba. Ofis ɗaya suke da Zuma, tebur na kallon tebur, da fanka guda mai tsayuwa wadda wuyanta ya ƙage, ba ta hura kowa sai ɓangaren Zuma. Zuma ta samu sunanta ne daga bakinta. Daga maigadi har darakta babu wanda ba ta san yawan 'ya'yansa ba, da wanda ke haƙori, da wanda ya faɗi jarrabawa. Mutane kan shigo neman Ƙamus ta duba musu takarda, amma a gaban teburin Zuma suke jan kujera su zauna. Ƙamus takan ce a ranta wannan ba aiki ba ne, gaishe-gaishe ne. Sai dai duk da haka tana lura da kowace dariya da aka yi a can ɓangaren.

Ɗaki ɗaya suka zauna a jami'a. Ita ta riƙa jan Zuma kamar akuya mai gardama har ta haye jarrabawar ƙarshe, shi ya sa har yau Zuma ke kiranta Malama.

A gida akwai wata kwat mai kauri, ruwan toka, rataye cikin leda a bayan ƙofar ɗakin Ƙamus. A kasuwar gwanjo ta saye ta tun ranar da ta fara jin ƙishin-ƙishin zancen tafiyar, saboda an ce sanyin ƙasar yana tsattsaga leɓe. Da yammar nan ta daɗe tana kallonta kafin ta fito ta gaya wa iyayenta abin da ake ciki. Baba, wanda ya tsufa yana tuƙa manya a mota, ya ce shi abin da ya koya a bayan sitiyari shi ne, faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Manya sukan zagi juna a kujerar baya da safe, da azahar ka kai su cin abinci tare. Inna ta ce ita dai tsoronta kada a ari bakin 'yarta a ci mata albasa.

"Baba, kunnena ne ya ji, bakina ne ya faɗa," in ji ta. "In na canza gobe, me ya rage min da zan kai ƙasar tasu?"

Baba ya ce ai ya san jinin wa ta ɗauko, ya kalli Inna. Inna ta ce kada ya kuskura.

Zauren kwamitin yana da dogon tebur mai siffar kofaton doki, da robobin ruwa a jere, da na'urar magana a gaban kowa. Shugaban kwamiti ƙaton mutum ne mai zobe a kowane hannu. Ya fara da doguwar huɗuba a kan yadda gwamnati ta mai da majalisa 'yar kallo, tana yawo ƙasashe tana rabon alkawari kamar dukiyar gado, su kuma wakilan jama'a sai dai su ji a rediyo. Lauyan ma'aikatar ya mayar masa cewa ba a tuƙa mota da direba ɗari. Da aka gaji, aka kira ta.

"'Yata, kada ki ji tsoron kowa," in ji Shugaba. "Ƙullawa aka yi, ko tattaunawa?"

"Mun ƙulla, haka na fassara wa Minista, ranka ya daɗe. Kuma haka baƙon ya nufa."

Zaure ya ɗauka. 'Yan jarida suka sunkuya kan wayoyinsu. Shugaba ya bugi tebur yana murmushi irin na mafarauci. Ƙamus ta gyara zama, ta ji wani daɗi yana ratsa ta. Ba ta ko kalli inda Sakatare yake ba.

Sai lauyan ya ce su ma suna da ƙwararriya. Ƙofa ta buɗe, Zuma ta shigo rungume da babban ƙamus ɗin ofis, wanda kullum yake zaune a kan teburin Ƙamus. Ta gaida Shugaba, ta gaida kowane ɗan kwamiti, ta yi wa wani barka da samun jika. Ta ce ita ba ta cikin ɗakin ranar, kuma ba ta isa ta ƙaryata Malamarta ba. Abin da kawai ta sani shi ne kalmar nan ta baƙi fuska biyu gare ta. A bakin 'yan kasuwarsu tana nufin an ƙulla. A bakin manyansu kuwa, in za a rabu da mutunci, ba ta wuce a ce mun fahimci juna ba.

"Kamar dai tela ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ya ce maka an gama, alhali ko almakashi bai sa wa yadin ba."

Dariya ta ɓarke, har Shugaba yana share ido.

Misalin tela na Ƙamus ne. Ita ta ƙirƙiro shi a kan gadon ɗakin kwanan ɗalibai, lokacin da Zuma ke kuka ta kasa gane kalmar. A lokacin Zuma ko murmushi ba ta yi ba, haddacewa kawai ta yi. Ga shi yau manya suna riƙe ciki a kan barkwancinta, a bakin wata.

Lauya ya juyo ya tambaye ta ko gaskiya ne kalmar tana da ma'ana biyu. Ta ce gaskiya ne. Ta ƙara da cewa amma a ɗakin fuska ɗaya ta nuna, domin mai sallama ba ya cewa a kawo alƙalami. Ƙarshen maganarta ya nutse cikin hayaniya, ba ta ga wanda ya rubuta shi ba.

Abin da Baba ya faɗa bai daɗe ba ya tabbata. Minista ya gayyaci kwamiti cin abinci. Rediyo ya sanar cewa majalisa da gwamnati sun fahimci juna: tattaunawa ce aka fara, kuma za a tura tawaga ta je ta ƙarasa, da Shugaban kwamiti a cikinta don a mutunta hurumin majalisa. Ƙamus kuwa aka ce ana bukatar ƙwarewarta a ɗakin ajiyar tsofaffin jaridun waje, can ƙasan bene, inda taga ɗaya ce kuma ƙafafun masu wucewa kawai ake gani. Ta koyi gane takalman Zuma. Kwanakin nan sababbi ne, masu tsini, kuma kullum akwai wasu takalman biye da su.

Sau ɗaya ta je majalisa neman Shugaba. Ta zauna a benci har ƙafarta ta yi sanyi. Da ya fito, ya ɗaga mata hannu mai zobe, ya ce Allah ya yi albarka, ya tambayi na kusa da shi ko 'yar wace jarida ce.

Ranar da aka bayyana cewa Zuma ce za ta ofishin jakadanci, Ƙamus ta hau sama da kanta ta yi mata murna a gaban kowa, da murya a tsaye. Ba za a ce ta ɓuya ba. Amma a hanyar gida ta kama kanta tana fatan sanyin can ya fasa wa Zuma leɓe, tana fatan ta tsaya gaban manyan baƙi harshenta ya sarƙe. Ta yi istigfari, ta kuma ci gaba da fatan.

Zuma ta zo sallama gida da ledar tsaraba. Inna ta rungume ta, Baba ya yi mata addu'a mai tsawo, har Ƙamus ta ji ƙyashin addu'ar ma. Da suka shiga ɗaki, Zuma ta zauna a bakin gado kamar da, ta ce an ba ta gaisuwar da za ta yi wa manyan baƙi da harshensu a filin jirgi, tana so Malama ta saurara. Ta karanta. A layi na biyu ta karkata wata kalma. Ƙamus ta yi niyyar yin shiru, ta bar ta ta je ta ji kunya. Bakinta ya riga ta, ta gyara mata, har sau biyu, sai da ta faɗa daidai.

"Malama, ban yi miki ƙarya ba fa," in ji Zuma a hankali.

"Na sani. Da ƙarya kika yi da na samu abin riƙewa."

Inna ta leƙo da kofin ruwa, idonta ya faɗa kan ledar bayan ƙofa. Ta ce af, ga ma rigar sanyin nan tana ta rataye asu zai cinye ta, a ba 'yar uwa mana ta tafi da ita. Zuma ta shafa ledar, ta ce kai, kamar an auna ta.

Ƙamus ta tashi ta tsaya tsakaninta da ƙofar.

"Inna, wannan ba ta aro ba ce."

Inna ta yi salati, ta ce me za ta yi da ita a wannan zafi. Ƙamus ta ce za ta riƙa kallonta. Zuma ta janye hannu, ta yi 'yar dariya, ta ce ai ma an ce a can sun fi araha.

Ƙamus ta raka ta har bakin titi, ta tsaya har motar ta sha kwana. Da ta dawo Baba yana zaune a ƙofar gida. Ya tambaye ta, da a ce gobe ne za a sake kiranta zauren, me za ta ce.

"Mun ƙulla," in ji ta.

"To me kika samu?"

"Ban samu komai ba, Baba. Na rasa tafiyar, na rasa teburina, na rasa ƙawata. Tashar ma za a ba su. Kuma har in mutu ba na jin zan daina jin zafin ita ce ta hau jirgin ba ni ba."

Ta wuce ciki, ta gyara wa kwat ɗin ledarta inda hannun Zuma ya yamutsa.