Labari Uku a Faifai Ɗaya

Ihu ɗaya aka yi a gidan kallon Dawuda, rabin kasuwa ta watse. Masu tumatir suka bar tumatirinsu, keke napep suka cika har kan rufi, wani ma sai da ya kama hanyar Maiha kafin ya tsaya tambayar abin da ya faru. Ba laifinsu ba ne. Ba mu daɗe da dawowa Mubi daga gudun hijira ba, kuma a garin nan in an ji ihu ƙafa ce ke fara amsawa.

Ashe fim ne. Dawuda ya samo wani faifai na mutanen Asiya, ko Koriya ko Tailan, labarin fatalwa uku a ciki.

Kwaji, shugaban layinmu, ya rantse sai an rufe gidan. Dawuda ya zo rumfata ya tsuguna, ya ce talabijin ɗin nan da janareto su kaɗai suka rage masa, tsohon shagonsa ya zama toka. Dattawa suka ce a tura mutum ɗaya ya kalla, abin da ya yanke shi za a yi. Wa za a tura in ba ni ba? Ni Zira, da na haye dutse zuwa Kamaru da matata goye a bayana, na kwanta cikin gonar dawa harsashi na wucewa ta kaina, ko tari ban yi ba.

Washegari da hantsi na shiga. Kowa ya cunkushe kusa da ƙofa, takalmi a hannu, halin da muka koyo. Ni bencin gaba na zauna. Gefena Salome mai kunu ce, wadda muka ɓuya tare a gonar nan, ta toshe bakin jaririnta da nono, nata bakin da zane. Tun dawowarmu muryarta ba ta wuce raɗa ba.

Labarin farko na tela ne, kekensa na ɗinki shi kaɗai, yana ɗinka likkafani daidai tsawonsa. Yarensu ba mai ji, Dawuda ke fassarawa, rabi ƙarya. Kai, mutanen nan sun iya mugunta! Ba sa nuna maka abin. Sai su yi shiru, shiru, har ka ji bugun zuciyar na kusa da kai, sannan su watso maka fuska. Kafin ka gama kiran sunan Allah an shiga wani labarin.

Na biyu shagon aski ne. Mutum ya tashi daga kujera, hotonsa a madubi ya ƙi tashi, ya juyo yana murmushi. Nan Salome ta kurma ihu, tun daga ciki, har kwanon rufi ya amsa. Sai kuma ta fashe da dariya, hawaye na zuba, tana dukan kafaɗata.

"Baba Zira, wannan tsoron da daɗi yake. Ana kashe inji ya mutu."

Na waiwaya. Ba wanda ya fita, takalma duk sun koma ƙasa. Kasuwa ma ba ta motsa ba, don an san ina ciki.

Na uku kuwa, hayaƙin janareto ya shiga idona, dole na rufe. Wanda ya ce ya ji muryata cikin ihun, ya zo ya faɗa a gabana.

Da la'asar na tarar da dattawa a rumfar Kwaji. Na ce wasan yara ne, ba abin da zai girgiza namiji, a bar yaro ya ci abinci. Sharaɗi ɗaya: kafin a sa faifan, Dawuda ya zagaya layi da ƙararrawa, kowa ya san ihun da zai ji na ganin dama ne.

Kwaji ya harare ni. "To, na ukun fa, me ke ciki?"

Na ce hukunci irin wannan ba a yi masa gaggawa. Na ukun sai an sake dubawa da kyau, gobe zan koma.

Kwaji ya juya hularsa a hannu.

"Akwai wuri a bencin gaba?"