Awon Jinin Fa'iza

Mardiya tana cikin kwance wa wani tsoho ɗan Azarori abin awon jini daga damtse sai ta jiyo dariyar Fa'iza a baranda. Ba ta ɗaga kai ba. Ta rubuta lambar a katin tsohon, ta ce masa ya rage gishiri a miya, ta nuna masa ƙofar dokta. Dariyar tana ta matsowa, ana gaisawa da masu shara da mai gadi, kowa yana cewa Allah ya kai lafiya ya maido lafiya. Wato labarin har ya kai bakin mai gadi.

Shekara uku suka yi a ɗaki ɗaya a lakwal ɗin koyon aikin lafiya na Tawa, suna cin abinci kwano ɗaya. Da aka raba wuraren aiki, aka kawo Mardiya asibitin Madawa, aka kai Fa'iza Buza. Wata huɗu da suka wuce Mardiya ta ga sanarwa manne a bangon ofis: ana neman ma'aikaciyar jinya guda daga jihar Tawa, za a tura ta Maroko karatun wata tara kan kula da jarirai bakwaini. Ita ce da hannunta ta ɗauki hoton takardar ta aika wa Fa'iza, ta rubuta mata: ki gwada, ko don mu sha hira a motar Yamai.

Sakamako ya fito wata Laraba. Fa'iza ta ɗaya. Mardiya ta biyu, da ɗan rubutu a gaban sunanta cewa za a kira ta idan ta farkon ta kasa tafiya. Shekara shida Mardiya ta yi a ɗakin bakwaini kafin a maido ta ɗakin awo. Fa'iza kuwa sashen rigakafi take, ba ta taɓa wuni a kan jariri mai kilo ɗaya ba. Amma Faransanci a bakinta kamar ruwa yake, kuma ta iya sa masu tambaya dariya.

"Ƙawa, kin ɓuya," in ji Fa'iza, ta turo ƙofa da ƙafa saboda jakunkunan da ke hannunta.

"Ke ce kika ɓuya, 'yar Maroko. Ina su Inna?"

"Tana nan yadda kika san ta. Tana gaishe ki."

Fa'iza ta zauna ta shiga baje kaya a kan teburi ba tare da an tambaye ta ba. Ga fasfo sabo fil, ga katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, ga takardar inshorar lafiya da masu ba da karatun suka aiko. Har wata rigar sanyi mai kauri ta zaro daga leda, wadda ta saya a gwanjo da safen nan, ta kara ta a ƙirji tana tambaya ko ta yi mata. Mardiya ta ce ta yi. Ta ɗauki fasfon ta buɗe, ta dubi hoton, ta ajiye shi da sauri kamar yana da zafi.

"Takardar shaidar lafiya kaɗai ta rage," in ji Fa'iza. "Doktanmu ya tafi Tawa taro, kuma jibi ake rufe karɓar dosiye, takardun nan duka, a Yamai. Na ce mi zai sa in wahala, ga ki nan?"

"Miƙo hannu."

Mardiya ta naɗa mata abin awon, ta danna. Na'urar ta yi ta kumbura, ta tsaya, ta sake kumbura. Da lambar ta fito sai Mardiya ta ce batir ne ya yi sanyi. Ta ɗauko na hannu daga aljihun teburi, ta sa abin sauraro a kunne, ta matsa da kanta. Ta sauya hannu ta sake. Duk sau ukun abu ɗaya ne: sha tara bisa sha ɗaya, jinin ya hau ƙwarai.

Kafin tsoro ya zo mata, wani abu ne ya riga shi. Wani ɗan daɗi ya taso mata daga ciki har maƙogwaro, irin wanda mutum ke ji in an kira sunansa cikin taro. Ta sunkuyar da kai tana naɗe igiyar abin awon don kada fuskarta ta nuna.

"Tun yaushe, Fa'iza?"

Fa'iza ta daina murmushi. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Tun bayan sallar layya. Kaina ke sarawa ta ƙeya da safe. Ina auna kaina a gida."

"Kina shan magani?"

"In na fara karɓar magani a Buza, gari duka ya ji. Ki bari in isa can, in huta, zai sauka da kansa. Hidima ce ta yi mani yawa."

"Doktanku yana Buza, ko?"

Fa'iza ta kau da kai. "Yana nan," ta ce. "Wurinki na zo. Ki rubuta sha biyu bisa takwas. Dokta ba ya sake awo, hannu kawai zai sa. Wa ke gare ni da zan roƙa wannan in ba ke ba?"

Mardiya ta jawo takardar gabanta, ta cire murfin biro. A waje wata mata tana lallashin yaro mai kuka. Ta tuna Innar Fa'iza, wadda ta faɗi a bakin murhu shekara huɗu da suka wuce, tun daga ranar ɓarin jikinta na dama bai sake motsi ba. Ta hango Fa'iza ita kaɗai a wani ɗaki a garin da ba ta san kowa ba, cikin sanyi, ba maƙwabciyar da za ta leƙo in ta ji shiru. Wannan dalili ne mai kyau, ko a gaban wa za ta iya faɗinsa. Sai dai ba shi kaɗai ke ranta ba, kuma ta sani. In ta rubuta gaskiya, dokta ya ƙi sa hannu, wayar da za a buga daga Yamai tata ce. In ta rubuta ƙarya, ba wanda zai taɓa cewa ta yi wa ƙawarta hassada. Can ƙasan wannan kuma akwai wani tunanin da ta ji kunyar ko dubansa: ta bar ta ta je, a ga abin da Faransancin zai yi mata.

Ta ce a'uzu billahi a ranta. Ta rubuta sha tara bisa sha ɗaya.

Fa'iza ta karanta daga inda take zaune. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta tura rigar sanyin cikin leda.

"Laifina ne," ta ce. "Na manta wa ke bi mani a takardar sakamako."

"Tashi mu shiga wurin dokta."

"Ai dole. Ki je ki ƙarasa."

Dokta Mahamud mutum ne mai furfura da rashin son dogon zance. Ya dubi takardar, ya dubi Fa'iza ta saman gilashinsa, ya tambaye ta ko tana ganin dishi-dishi, ko ƙirjinta na ciwo, ko akwai mai irin wannan a gidansu. Fa'iza ta amsa na farkon, ta tsallake tambayar ƙarshe. Mardiya ce ta amsa, ta ce mahaifiyarta. Fa'iza ta juyo ta dube ta, kallon da Mardiya ba ta taɓa gani a idonta ba.

"Ma'aikaciyar lafiya guda," in ji dokta, yana girgiza kai. "A ba ta ƙwaya ɗaya yanzu, ta kwanta a ɗakin hutu. A ɗebi jini da fitsari a duba ƙoda. Bayan azahar mu gani."

Mardiya ta koma bakin aikinta. Ta auna wata mai ciki daga Bangi, ta auna wani direban tirela da ƙafarsa ta kumbura. Hannunta yana aiki, ranta yana wani wuri. Ta tarar da kanta tana tunanin wa za ta bar wa 'yarta Zali na wata tara, yayarta ko uwar mijinta. Ta tuna fasfonta yana ƙasan akwati, cikin zanen da ba ta taɓa ɗaurawa ba, kuma saura shekara biyu ya ƙare. Har ta fara shirya yadda za ta gaya wa mijinta, da irin fuskar da za ta yi don kada ya ga murna. Sau biyu ta wuce ta ƙofar ɗakin hutu. Fa'iza tana kwance ta juya fuska bango, mayafinta a kan kai. Mardiya ba ta shiga ba.

Bayan azahar dokta ya kira su. Ya sa Mardiya ta sake awo a gabansa. Sha shida bisa goma. Sakamakon ƙoda lafiya lau.

"Yaushe ne tashin jirgin?"

"Saura sati uku, Dokta," in ji Fa'iza, muryarta a dushe.

"Sati uku ya isa a daidaita shi in kin sha magani. Hawan jini ba ya hana mutum tafiya. Ɓoye shi ne ke kayar da mutum a ƙasar mutane." Ya jawo takardar. "Zan rubuta cewa kina iya tafiya, kina kan magani. Kowace Litinin ki je wurin doktanku ya auna ki har ranar tashi. In bai sauka ba, shi zai kira ni, kuma zan janye hannuna."

Ya sa hannu, ya buga tambari. Ƙarar tambarin a kan teburi ta shiga kunnen Mardiya har cikin haƙoranta. Sai a lokacin ta san iyakar yadda ta sa rai.

Fa'iza ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Dokta bai kula ta ba, ya ci gaba da rubutu. Ya rubuta ordinansi, takardar sayen magani, na wata uku, ya rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga duk likitan da zai gan ta can, ya miƙa wa Mardiya duka.

"Ke kika gano, ke za ki ƙarasa. Raka ta farmasi, ki yi mata bayanin sauran."

Suka fito. Rana ta yi zafi a kan babbar hanya, manyan motoci ɗauke da buhunan albasa suna wucewa yamma. A farmasi Mardiya ta karɓi kwalaye uku ta duba ranar lalacewarsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ari biro, ta juya bayan wasiƙar dokta ta rubuta ainihin sunan maganin da ƙarfinsa, domin sunan da ke jikin kwali yana iya bambanta a can.

"Ki sa su a jakar hannu, ba a babban akwati ba. Akwati yana ɓata. Kada ki fitar da su daga kwalinsu, kuma ordinansin ya kasance tare da su, ko an tambaye ki a filin jirgi." Tana magana tana kallon kwalayen, ba Fa'iza ba. "Satin da kika isa, ki kira lambar da ke kan takardar inshorarki, ki tambayi asibitin da suke karɓarta. Ki je tun kina lafiya, su buɗe maki dosiye. Kada ki jira maganin ya ƙare. Kuma ki gaya wa wadda kuke ɗaki ɗaya. Ko ba ki son ta, ki gaya mata."

Fa'iza ta karɓa ta sa a jaka.

A tasha suka tarar kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja mai tasowa daga Maradi, bai iso ba. Suka zauna a benci ƙarƙashin rumfar kwano, da ɗan fili tsakaninsu. Wata mai sayar da kilishi ta matso, Fa'iza ta kai hannu jaka, Mardiya ta ce wa matar ta wuce, gishiri ya yi masa yawa. Fa'iza ta yi 'yar dariya ta hanci, ta maido hannunta.

Sun daɗe a haka. Da motar ta kunno kai daga gabas, mutane suka fara miƙewa, sai Fa'iza ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Mardiya, in tambaye ki don Allah. Da ya ƙi sa hannu, da kin tafi?"

Mardiya ta dubi ƙafafunta. Akwai amsoshi masu sauƙi, ta san su duka.

"Da na tafi," ta ce. "Har na zaɓi wadda zan bar wa Zali."

Fa'iza ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙe, ta rataya jaka, ta tsaya kamar mai neman abin da ta manta.

"Wa kika zaɓa?"

"Yaya Bushira."

"Gara ita," in ji Fa'iza. "Uwar mijinki ba ta iya kitso ba."

Ta shiga layi. Mardiya ta zauna har motar ta tashi, sannan ta tsayar da ɗan kabu-kabu ta ce ya maida ta asibiti, ta bar mutane suna jira.