Shanun Badamasi a Intanet

Malam Badamasi yana cikin taya buhun dusa a kasuwar Yankara sai Gide ya dafa masa kafaɗa yana dariya. Gide shi ne sakataren ƙungiyarsu ta manoma da masu kiwo, mutum ne da waya ba ta barin hannunsa.

"Malam, ka zama babban mutum. Ka shiga intanet."

"Wace intanet kuma? Sakar mini kafaɗa, ciniki nake."

Gide ya miƙo masa wayar. Badamasi bai yi nisa a boko ba, aji uku ya yi ya koma gona, amma ya san sunansa in ya gan shi, lamba kuma ba ta ɓace masa. Ga hotonsa da hular da ya sa ranar rijista. Ga suna, Badamasi Muhammad Awwal Mabai. Ga lambar wayarsa. A ƙasa, cikin wani koren akwati, an rubuta shanu 43, tumaki 19.

Ya kife wayar a ƙirjinsa, ya duba dama ya duba hagu. Mai dusa yana ta magana, bai ji ko ɗaya ba.

Ko matarsa Larai ba ta san yawan shanun nan ba. Wuri uku ya rarraba su, da gangan. Sau ɗaya ya taɓa faɗin adadinsu da bakinsa, ranar da ƙungiya ta ce kowa ya faɗi gaskiya don a san yawan allurar rigakafin da za a nemo. A yankin nan, in aka san kana da shanu arba'in, to an san ƙofar da za a buga. Mutanen daji ba sa yawo da ka, labari ake kai musu. Bara an ɗauke wani maƙwabcinsa da bai kai rabin haka ba.

"Wa ya sa wannan?"

"Mansura mana, ɗiyar ƙanwarka. Tun makon jiya ta turo mini wai in duba, sai yau na samu sarari."

"Wa da wa ka nuna ma?"

"Wallahi kai ne na farko."

"To ni ne na ƙarshe. Sa ta aljihu. Kuma ka rufe bakin nan naka."

Dariyar Gide ta ɗauke. Sai a lokacin ya gane abin da ya riƙo.

Badamasi bai kira Mansura ba. Ba maganar da za a yi a waya ba ce a tsakiyar kasuwa, inda kowane kunne a buɗe yake. Ya bar dusa, ya tayar da babur, ya nufi Kankara. A hanya ya gama shirin komai a ransa. Zai sayar da shanun a hankali, biyu yau uku gobe. Zai kwashe Larai da yara ya kai su Funtua wurin ɗan'uwansa. Dawar da ta fara kai a gona kuwa, sai dai wani ya girbe. Shekara hamsin da biyu a Mabai, ga shi zai bar ta saboda wani koren akwati.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne, da sola a kan rufi da fanka mai ƙara. Mansura tana zaune gaban kwamfuta. Ita ta gina wa ƙungiya shafin da ake rijistar manoma, wata mai zuwa kuma za ta koma karatu Zariya. Tana ganinsa ta miƙe ta rusuna.

"Kawu, sannu da zuwa. Daga kasuwa?"

"Rufe ƙofa."

Ta rufe.

"Mansura, mi na yi miki?"

"Ni? Kawu, lafiya?"

"Hotona da lambata da shanuna, duk kin baje su a intanet. Gide ya nuna mini. Saura ki zana musu hanyar gidana."

Ta yi tsaye kamar an dasa ta. Sai ta dafe baki.

"Innalillahi. Littafin bayani."

"Wane littafi? A waya na gani."

Ta zauna, tana yi masa bayani da sauri. Shafin ƙungiya guntu-guntu aka haɗa shi, in ji ta. Maɓallin da ake dannawa guntu ne, akwatin rubuta suna guntu ne, katin da ke nuna manomi shi ma guntu ne. Kowane guntu ta rubuta masa yadda ake amfani da shi, don in ta tafi, Sadiq da zai karɓi aikin daga Katsina kada ya sha wahala. Akwai wata manhaja da ke bin rubutun nan ta tattara shi da kanta, ta fitar da shafi guda, kowane guntu da bayaninsa da samfurinsa. Shi ne littafin.

"Samfuri," in ji Badamasi. "Kamar yadda tela ke rataye riga a ƙofar shago."

"Haka ne, Kawu."

"To sai kika rataye ni."

"Ina gwada katin ne, ina so in ga ko dogon suna zai shiga bai karye ba. Duk rijistar nan ba sunan da ya kai naka tsawo. Na ɗauko don gwaji, na ce zan canza, na manta. Manhajar kuma ba ta tambaya, abin da ta tarar shi take kwashewa."

"Ita ba ta da hankali, na yarda. Ke fa?"

Hawaye ya taru mata, amma ba ta daina aiki ba. Ta danna nan, ta rubuta can, ta juyo masa da kwamfutar. Fari fat, ba komai.

"Na sauke shi. Yanzu ko wa ya shiga ba abin da zai gani."

"Yanzu. Kwana nawa ya yi a sama?"

"Tara."

Ya nemi benci ya zauna. Kwana tara. A Mabai labari ba ya buƙatar wuni ɗaya.

"Kawu, tsaya. Inda shafin yake zaune ana rubuta duk wanda ya shiga. Ba suna, amma akwai rana da lokaci da irin na'urar da aka shiga da ita. Bari in duba."

Ya matso da bencin. Abin da yake jira shi ne layi ɗari, ko dubu. Ya ji ana cewa intanet duniya ce gaba ɗaya.

Layi huɗu ne.

"Wannan ni ce, ranar da na ɗora shi. Wannan ma ni ce, washegari. Wannan na yau da hantsi, waya ce, Malam Gide ke nan."

"Na huɗun fa?"

"Ranar Talata, bayan azahar. Kwamfuta ce, ba tawa ba."

"Ta wa?"

"Mutum biyu kawai na tura wa adireshin, Malam Gide da Sadiq. Kuma ba a liƙa shi ko'ina ba, sai wanda aka ba shi zai san hanya."

"Kira shi. Ki buɗe murya in ji da kunnena."

Sai a kira na biyu Sadiq ya ɗauka, ana jin hayaniyar Keke Napep a bayansa.

"Sadiq, littafin bayanin da na turo maka, ka buɗe?"

"Ƙwarai kuwa. Kin yi ƙoƙari sosai, aiki ya yi kyau."

"Yaushe ka buɗe?"

"Talata, ina jin. Bayan na dawo masallaci."

"Ka tura wa wani?"

"Wa zan tura wa? Wa ke son wannan?"

Badamasi ya sunkuya kan wayar. "Kai Sadiq, kawunta ne ke magana. Ban son kwana-kwana. Mi ka gani a ciki?"

Sai muryar Sadiq ta yi ƙasa.

"Baba, tsakani da Allah, na buɗe na ga tsawonsa, na rufe. Na ce sai ranar da wani abu ya lalace. Ko maɓallin farko ban wuce ba. Mansura, ki yi haƙuri."

Ta kashe wayar. Katin manomi shi ne guntu na ashirin da shida, can ƙasa.

Badamasi ya cire hula ya share gumi da ita. Ya ji kamar ya sauke buhu biyu. Ya ce alhamdulillahi sau uku, a hankali. Larai tana nan gida tana shanya kuɓewa, ba ta san yau ta kusa zama 'yar Funtua ba, kuma ba zai gaya mata ba.

Mansura kuwa ta zuba wa layukan nan huɗu ido.

"Mako uku na yi ina rubuta shi, Kawu. Mako uku. Ba wanda ya karanta sai Malam Gide, shi ma hotuna yake kallo."

"Allah ya yi wa yaron nan albarka. Allah ya ƙara mishi ƙyuya."

"Kawu!"

"Amin za ki ce."

Ta yi dariya tana goge ido da gefen hijabi. Ta ce daga yau littafin sai da kalmar sirri za a shiga, kuma ba sunan mai rai da zai sake zama samfuri. Amma dole katin ya samu wani a kansa, in ba haka ba Sadiq ba zai gane yadda yake fita ba. Kuma sunan ya zama dogo.

"Rubuta," in ji Badamasi. "Abdurrahmanu Ɗanbaba Maikwaɗo."

"Akwai mai sunan?"

"Duk ƙasar nan babu. Gari kuma ki sa Unguwar Babu. Hoto ki sa tulu."

Ta rubuta. Ta kai kan koren akwatin ta tsaya.

"Shanu nawa zan ba shi?"

Ya miƙe, ya mayar da hularsa, ya zaro makullin babur daga aljihu.

"Ko ɗaya. Ki ba shi akuya guda. Ita ma ki rubuta gurguwa ce."