Gayyar Aljanun Ayman

Muhsina ce ta ƙirƙiro wasan, ita ce kuma mai jan labarinsa. Kowace Juma'a bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar Gwaggo Maijidda, a ƙauyensu da ke kusa da Damazin. Kowa da gwarzonsa a takarda, ƙwayar ludo ce ke yanke ko sara ya samu ko ya kuskure.

Kuskurenta guda ne. Ta rubuta wa gwarzon Ayman, ɗan kawunta, wani sihiri wai shi Kiran Gayya: da ya kira, aljanu arba'in za su fito daga kogi su share abokan gaba. Mako uku ke nan babu wanda ya zare takobi. Mutum biyu sun daina zuwa, saura maƙwabcinsu Nuraddeen, wanda gwarzonsa masunci ne mai mashi ɗaya. In ya tafi, wasa ya mutu.

"In yau ma kallo zan yi, na koma ƙwallo," in ji Nuraddeen.

"Da hannunki kika rubuta," Ayman ya ce wa Muhsina. "Kina sokewa, ni ma na tashi."

Muhsina ta zuba wa littafinta ido. Gwaggo na gefe tana yanka kuɓewar shanya, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ayman, aljanun nan naka ba su da gona ne?"

"Wace gona kuma, Gwaggo?"

"Bara ubanka ya kira gayya, aka yanke masa dawa. Da Salihu, wanda ya taya shi yankan, ya kira tasa, wa aka tura da lauje yana gunguni?"

Nuraddeen ya kwashe da dariya. Muhsina kuwa biro ta ɗauka. Ba ta soke komai ba, layi ɗaya ta ƙara, ta karanta musu: wanda ya kira gayya, in aljanu suka kira tasu zai tafi, har a jefa ƙwaya sau uku ba ya nan.

"Uku kacal? Na yarda," in ji Ayman.

A cikin wasan kuraye suka tare mashigin kogi, Ayman ya kira gayya, aka share su. Sai Muhsina ta sassauta murya: ruwa ya dare, ga sarkin kada ya fito.

"Gayya," in ji Ayman.

Muhsina ta ce, "Riɗin aljanu ya nuna, yau ake yanka. Ɗauki laujenka."

Saura masunci shi kaɗai. Jifan farko ya ba da biyu, sarkin kadan ya karya masa garkuwa. Na biyu ya ba da ɗaya, masuncin ya faɗi cikin taɓo. Nuraddeen ya daɗe yana girgiza ƙwayar, har Ayman ya durƙuso yana cewa, "Jefa mana, ka cece mu."

Shida.

"Mashi ya shiga ta ido," in ji Muhsina. Ayman ne ya fara ɗaga hannun Nuraddeen sama.

"Juma'a zan zo da su biyun nan," in ji Nuraddeen. "Sai sun ji wannan daga bakina."

Ayman ya juya wajen Muhsina. "To aljanun sun ba ni abinci dai?"

"In ka yi aiki," in ji Gwaggo.