Tattasai Mai Tabo

Yayanmu Maigandi bai taɓa yafe wa ƙanenmu Mujtaba cewa Baba ya bar masa gefen fadamar Gulma mai ruwa ba. Ni Aminatu ce a tsakaninsu, na san halin kowa. Dalili kawai Maigandi yake nema ya kore shi, sai ga tattasai ya ba shi.

Sabon iri Mujtaba ya kawo daga Birnin Kebbi ya shuka. Da yabanya ta yi ƙarfi, sai ganyen ya fito da ƙananan tabo ruwan ƙasa, kamar an yayyafa masa garwashi. Na Maigandi kuwa, tsohon irin gida, kore shar.

"Kai kak kawo muna ciwo cikin hwadama," in ji Maigandi a gaban maƙwabta.

Mujtaba ya ɗauko malamar gona, Rauda, daga Argungu. Ta duba ganyen ta ce cutar ta riga ta shigo fadamar gaba ɗaya. Wannan irin, da zarar ƙwayar cuta ta taɓa shi, sai ya kashe ɗan wurin da ta shiga, ta rasa hanyar wucewa ta tsaya nan. Tabon alamar ya tsira ne. Wanda bai yi tabo ba, cutar na yawo a jikinsa.

Maigandi ya yi dariyar raini. "To, mai miki shi na mai lahiya? Malama, koma ohis."

Ya kira gayya, abin da ake kira don a taya mutum noma. Na ga maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa, da fura da raha, suna tumɓuke gonar ƙanena. Suka tara suka cinna wuta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mujtaba ya tattara kayansa. Ya bar Gulma, yanzu keke napep yake ja a Gwadangaji.

Kafin tattasai ya nuna, ganyen Maigandi ya nannaɗe ya yi rawaya, 'ya'yan suka ƙanƙance. Na maƙwabta ma haka.

Sai ga Maigandi a ƙofar gidana, wai ko Mujtaba ya bar sauran iri. Bai ma tambayi lafiyar yaron ba.

Na kai shi bayan ɗaki, inda na dasa tattasan Mujtaba guda ɗaya da na tsinta a gefen wutar, cikin fasasshen bokiti. Ya yi jajayen 'ya'ya. Na tsinko ganye ɗaya na sa masa a tafin hannu.

"Duba da kyau, Yaya. Shi tattasan, da ciwo yak kama shi, wurin da bai kai ƙwayar riɗi ba kaɗai yaƙ ƙona. Kai ƙanenka gaba ɗai kaƙ ƙona, kuma ba shi na mai ciwon ba."

Ya miƙa hannu zai tsinki tattasan. Na janye bokitin.

"Yana da mai shi," na ce. "Tahi Gwadangaji ka roƙe shi."